ƘARAMAR KWAMFUTA MAI ARAHA: A DUBA HAƘORI KAFIN A BIYA



In kaka ta yi, kuɗi kan shigo hannu. Mai rake ya saida. Mai shinkafa ya saida. Mai rogo da dankali ya kai kasuwar Gaya ko ta Kamba. Makiyayi ya fidda bajimi ɗaya daga garke. To, lokacin ne kuma buƙatu ke tashi. A shekarun nan akwai wata buƙata sabuwa, wadda iyayenmu ba su sani ba. Yaro ya zo hutu daga lise ko daga jami'ar Doso, ya durƙusa ya ce: «Baba, yanzu karatu ba ya yiwuwa sai da kwamfuta.» Sakataren ƙungiyar manoma shi ma ya tashi a taro ya ce: «Littafin lissafi ya cika, mu sayo ƴar ƙarama mai araha.»

Maganarsu tana bisa hanya. Amma ko mai arahar, kuɗinta kan ci babban rago, wani lokaci har maraƙi. Dabba in ta kasa, a yanka a ci nama, a saida fata. Kwamfuta in ta mutu, ba nama, ba fata. Babu mai hankalin da ke sayen sa bai duba haƙori da kofato ba. Ita ma tana da nata haƙoran. Su za mu nuna maku a wannan wata.

MI CE CE ƘARAMAR KWAMFUTA?

Kwamfuta ita ce ƴan lakwal ke ce ma ordinatar. Na'ura ce mai rubutu, mai lissafi, mai ajiyar takardu da hotuna. Salular da ke cikin aljihunka ƙanwarta ce. Akwai babba ta bisa tebur, irin ta ma'aikatun gwamnati. Akwai kuma wadda ake rufewa kamar littafi, a sa cikin jaka. In ka buɗe ta, sama gilashi ne, inda rubutu ke fitowa. Ƙasa maɓallai ne, kowane da harafinshi ko lambarshi. Tana da batir a cikinta, don haka tana aiki ko ba a jona ta da wuta ba.

Cikin masu rufewar nan akwai ƙanana ƙwarai. Nauyinsu kilo 1 ne ko sama kaɗan, wato kamar fakitin sukari. Ba su kai rabin tiyar hatsi ba. Abin da ya sa suke da araha shi ne an rage masu komi: an rage ƙarfi, an rage wurin ajiya, an rage faɗin gilashi. Jaki ce, ba raƙumi ba. Jaki kuwa yana da amfani ga wanda ya san kayan da zai ɗora mashi.

DAGA INA TA FITO?

A shekara ta 2005 wani malamin jami'a na Amurka, mai suna Nicholas Negroponte, ya ce zai sa a ƙera kwamfuta don yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kowane yaro da tashi. Ya ce kuɗinta dala 100. Dalar Amurka yake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A lokacin wajen jika 50 ke nan. A watan Nuwamba na wannan shekara anka nuna samfurinta a birnin Tunis, a gaban Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin.

An sa mata suna XO, kuma a ƙarshen 2007 anka fara ƙera ta da yawa. Waɗanda sunka ƙera ta sun yi tunanin ƙauye. Jikinta roba ce mai kauri. An rufe maɓallanta da roba don kada ƙura da ruwa su shiga. Ana iya karanta gilashinta ko cikin rana tsaka. Ba ta cin wuta da yawa. Samfurin farko har da hannu na juyawa don yin wuta, kamar injin niƙa na hannu, amma an cire shi daga baya. Kuɗin ne bai tsaya inda anka ce ba. Ya kai dala 188, wajen jika 85.

Ƴan kasuwa sun ga hanya ta buɗe. A watan Oktoba na 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fito da tashi, mai suna Eee PC. Nauyinta bai cika kilo 1 ba. Acer da HP da Dell sunka bi sahu. A 2008 da 2009 an saida miliyoyinsu a duniya. Daga nan manyan salula masu shafawa sunka yi yawa, kasuwar ta faɗi. A ƙarshen 2012 Asus da Acer sunka daina ƙera irin wannan ta farko. Amma ba a daina yin ƙanana masu araha ba. Na yanzu sun fi ƙarfi, gilashinsu ya fi faɗi.

Ku riƙe wannan da kyau: tsoffin nan na 2008 zuwa 2012 ba su ɓace ba. Suna nan cikin kayan gwanjo, irin waɗanda ake kira ƴan Kwatano. A goge su, a sa cikin leda, ka ce sababbi ne. Sun haura shekara goma. Araha ba ta ado.

GANI GA WANE

A 2007 an gwada XO a Nijeriya, a makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja. Yara sun yi murna, sun iya ta da sauri. Amma sai matsalar wuta ta taso, sai da janareta. Wasu na'urorin sunka lalace. An yi maganar Nijeriya za ta sayi miliyan 1, ba a saya ba. Ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachuku, ya tambaya: mi ne ne amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da kujerar zama a aji?

Ƙasar Feru, a Amurka ta Kudu, ta raba dubban ɗaruruwa. A 2012 anka fidda sakamakon bincike a kan makarantun karkara sama da 300. Yara sun iya taɓa na'urar, amma ba su ƙaru ba a lissafi ko a karatu. Ƙasar Yurugwai kuwa ta gama raba ma dukan yaran firamare na gwamnati a 2009. Ita ta haɗa da horar da malamai, da kai intanet a makarantu, da wuraren gyara. Shirinta ya ɗore.

Ga kuma misali na gida. A 2009 da 2010 an yi wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a jihohin Doso da Damagaram, cikin ƙauyuka sama da 100. A rabinsu an koya ma manya rubutu da lissafi kamar kullum. A sauran an ƙara masu da koyon aiki da ƙaramar salula. Da anka yi jarrabawa, masu salular sunka fi. Don mi? Don akwai malami a gabansu, kuma suna da abin da za su yi da rubutun in sun koma gida.

Darasin a fili yake. Garma ba ta noma ita kaɗai. Kafin ka sayi kwamfuta, tambayi kanka abu uku: ina wuta? wa zai koya? wa zai gyara? In ka samu amsa, to, sai a shiga duban haƙori.

NA ƊAYA: BATIR

A wurinmu batir ya fi komi. Garuruwa da yawa ba su da wutar Nigelec. Masu ita ma suna tune da lokacin da wutar da ke zuwa daga Nijeriya ta yanke, daga watan Agusta na 2023 har farkon 2024. Batir yana tsufa kamar dabba. Kowane caji yana rage mashi kwana, zafi kuma yana gaggauta tsufanshi.

Ga yadda ake gwadawa. A cika shi. A cire waya. A sa wani fim ya yi ta tafiya har minti 30, kana kallon lambar da ke nuna sauran wuta. In rabi ya tafi, batirin ya ƙare, sai ka sa kuɗin sabo cikin lissafi. Sa'an nan ka aje kwamfutar bisa tebur mai lebur. In tana rawa, ko ka ga cikinta ya tasa, batirin ya kumbura. Kada ka saya ko da kyauta. Yana iya kama wuta, mu kuwa ɗakunanmu da rumbunanmu na kara ne da ciyawa.

NA BIYU: MA'AIKACI, MASUSSUKA DA RUMBU

A cikin kowace kwamfuta akwai abu uku da ido ba ya gani. Mu kwatanta su da sussuka.

Akwai ma'aikaci, shi ne ƙwaƙwalwarta. Ana rubuta sunanshi a ƴar takarda kusa da maɓallai. In ka ga Atom a tsohuwar na'ura, ma'aikacin rarrauna ne. Celeron da Pentium na kwanan nan sun isa rubutu da lissafi da karatu. Core i3 da i5 sun fi ƙarfi, sun fi tsada, sun fi cin batir.

Akwai masussuka, wurin da ake baza aikin da ake yi yanzu. Masu saidawa na ce mata ram. In masussuka ta yi ƙunci, ko ma'aikaci ƙato ne, aiki ba ya sauri. Ana auna ta da jiga. Jiga, ba jika ba: ita ce wadda kuke saye a salula, mega wajen 1000. XO ta farko kashi ɗaya cikin huɗu na jiga 1 gare ta. Yau kada ka karɓi ƙasa da jiga 4. In da hali, 8.

Akwai rumbu, inda ake ajiye takardu da hotuna. Abin da ke kan masussuka yana ɓacewa in wuta ta ɗauke. Abin da anka zuba a rumbu shi ke zama. Shi ma da jiga ake auna shi. Mai jiga 32 ya yi kaɗan, kayan aikin na'urar kanta kan kusa cika shi. A nemi 64, ko 128.

Rumbu iri biyu ne. Tsohon yayi yana da faifai mai juyawa a ciki. In ka kara kunne za ka ji shi. Wannan ba ya son girgiza, mu kuwa tafiyarmu a bisa amalanke ce da kabu-kabu. Sabon yayi ba ya da abin da ke motsi, ana rubuta shi SSD ko eMMC. Shi ya dace da hanyoyinmu. Amma a sani: a yawancin masu araha, masussuka da rumbu a like suke, ba a iya ƙara su daga baya. Yadda ka saya haka za ka zauna da ita.

Kada ka yarda da abin da anka rubuta a kwali. Ka sa a nuna maka lambobin nan a bisa gilashin na'urar kanta.

NA UKU: GILASHI

Ana auna gilashi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na Eee PC ta farko santimita 18 ne, ya yi ƙanƙanta ga mai dogon karatu. Na yanzu wajen santimita 29 ne zuwa 35. Ka sa a buɗe farin shafi, ka duba ko akwai tabo ko zane. Ka fita da ita waje ƙarƙashin inuwa, ka ga ko rubutu na ganuwa, don mu a waje muke wuni. Ka buɗe ka rufe sau da yawa. In mahaɗin ya saki, ko gilashin na ƙyaftawa, akwai ciwo a ɓoye.

NA HUƊU: MAƁALLAI

Nan akwai abin da ya shafe mu, mu mutanen bakin iyaka. Kaya na zo mana ta hanya biyu, kuma jerin haruffansu ba ɗaya ba ne. Dubi layin haruffa na sama, daga hagu. In ka ga A Z E R T Y, jerin Faransanci ne. In ka ga Q W E R T Y, jerin Ingilishi ne, irin wanda ya fi yawa a Nijeriya. Yaron da ke karatu da Faransanci, na farko ya fi mashi sauƙi, don akwai haruffa masu alama a kai da yake buƙata kullum.

Duka biyun ba su da haruffanmu: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ na Hausa da Fulatanci, ko ŋ. Amma akwai hanyar saka su, kuma kyauta ce. Ka sa mai saidawa ya saka maka tun a shago. In babu su, ƙasa za ta koma kasa, ɓata ya koma bata. Wanda ya sha wahalar koyon rubutu da harshenshi, kada na'ura ta ƙwace mashi shi. Daga nan ka danna kowane maɓalli, ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ya mutu, aikin duka ya gurgunce.

NA BIYAR: ZAFI DA ƘURA

Yawancin masu ƙerawa na cewa kada zafin wurin aiki ya wuce digiri 35. A ƙasar Gaya, cikin bazara, yana wuce 40. Wasu kwamfutoci suna da ƴar fanka a ciki. Fanka na sanyaya su, amma tana jawo ƙurar hunturu, har hanyar iska ta toshe. Da yawa cikin ƙananan ba su da fanka ko kaɗan. Ba su ƙara, ba su shan ƙura sosai. Wannan alheri ne a gare mu. Amma in sun yi zafi sai su rage sauri. A yi aiki da safe ko da marece, a cikin inuwa.

NA SHIDA: CAJA DA WUTA

A jikin caja akwai lamba da harafin W. Ita ke nuna yawan wutar da take ci. Ta ƙananan 30 ce zuwa 45. Ta manya 65 zuwa 90. Wanda ke da farantin hasken rana, wato fano, ƙaramar ta fi mashi.

A kula da abu biyu. Cajar Nijeriya ƙafa uku gare ta masu faɗi, tamu ta Nijar ƙafa biyu masu zagaye. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, ɗan mahaɗi kawai ake buƙata. Amma kada a jona kwamfuta kai tsaye da batirin mota ko na fano. Shi bolt 12 ne, yawancinsu kuwa 19 suke so. Sai da na'urar da ke juya wutar, ko cajar da anka yi don haka. Wasu sababbi suna caji ta ƴar ƙofa irin ta sababbin salula. In ka samu irinsu, ka huta.

NA BAKWAI: ABIN DA KE TAFIYAR DA ITA

Ƙarfe da roba ba su aiki sai da wani tsari da ake zubawa a ciki. Wanda ya fi yawa shi ne Windows. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar da. Na'ura mai shi tana aiki, amma ta zama kamar garken da ba a yi ma allurar rigakafi. Windows 11 kuwa ba ya shiga tsoffi da yawa, kuma ba ya yarda da ƙasa da jiga 4 na masussuka da 64 na rumbu. Akwai wani tsari mai suna Linux, kyauta ne, ba shi da nauyi, yana raya tsohuwar na'ura in akwai wanda ya iya shi a kusa.

Akwai kuma ƙanana masu suna Chromebook, da sunka fito tun 2011. Suna da araha, batirinsu na jimawa. Amma yawancin aikinsu da intanet ne. In rezo bai da ƙarfi a garinku, yi tunani sau biyu. Wasunsu kuma na makarantun waje ne, an kulle su, ba su buɗuwa ga kowa.

RANAR CINIKI

Kada a yi cinikin biri a sama. Kada ka aika kuɗi don hoton da ka gani a salula. Tafi da wanda ya sani: mushen lakwal, ko ma'aikacin magajin gari, ko ɗalibin da ya daɗe yana aiki da ita. Matambayi ba ya ɓata.

Ka sa a kashe ta a kunna a gabanka. In ta nemi lambar sirri wadda mai saidawa bai sani ba, bar ta, wataƙila ta sata ce. Ka gwada kowace ƙofa da kile. Ka karɓi takardar ciniki mai sunan shago, da lambar na'urar, da kwanakin da za ka iya maido ta. Ka tambaya ko ana samun batirinta da cajarta a Gaya ko a Doso. Na'urar da sai an je Yamai ko Sakkwato neman kayanta, ta riga ta yi tsada. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

KIWONTA

In an gama aiki a rufe ta, a sa cikin jaka ko a naɗe da zane mai tsabta. Kada a aje ta ƙasa, saboda raɓa da tururuwa da kyankyasai. Kada a ɗora ta bisa katifa tana aiki, hanyar iska na toshewa. Kada a sha fura ko shayi a kanta. In hadari ya taso, a cire ta daga wuta. Kowane mako a kwashe muhimman takardu a zuba a kile, a aje a wani ɗaki. Mai hankali ba ya zuba hatsinshi duka a rumbu guda. Ƙungiya kuma kada ta jefar da littafin lissafinta na takarda. Shi ne sheda in na'ura ta mutu.

WA YA KAMATA YA SAYA?

In buƙatarka ita ce jin farashin kasuwa, da aika saƙo, da karɓar kuɗi, salula ta ishe ka. Bar bajiminka cikin garke. Ɗalibin jami'a mai rubuta dogayen takardu, shi yana buƙatarta da gaske, mace ko namiji. Haka ƙungiyar da ke riƙe lissafin taki, da iri, da bashin mutane da yawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya ko ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya mai kyau, tare da fano da batir. Su ware wani abu don gyara. Su zaɓi mutum biyu ko uku su koya, har da mata, don kada ilimin ya tafi cin rani tare da mutum guda. Ɗaya mai kyau da ke da mai kula ta fi biyar da ke kwance cikin akwati.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma maƙwabcinshi da bai iya ba tukuna. Mai tambaya ya rubuto mana da hannunshi, za mu amsa a fitowa ta gaba. Allah ya sa albarka cikin abin da munka noma da abin da muke kiwo, amin.